Yadda Ake Kafa Lambun Unguwa a Gombe da Yadda Ake Inganta Shi

Tun da tsadar kayan miya ta fara gagarar magidanta, masu karatu daga Pantami, Bolari, Tumfure da sauran unguwannin Gombe suke ta maimaita tambaya guda: idan akwai filin da ba a gina ba a unguwa, ta yaya maƙwabta za su haɗa kai su mayar da shi lambu, kuma da me za a fara? Na jera matakan a nan bisa yadda ya kamata su biyo juna, kuma ina roƙon kada ɗokin ganin tsiro ya sa a tsallake na farko-farko, domin abubuwan da suka fi kashe irin wannan lambu su ne rikicin fili, ƙarancin ruwa da ɓarnar awaki, kuma dukkansu ana magance su ne tun kafin a sayi iri ko na kwabo. Lokacin da ya fi dacewa a soma shiri shi ne Agusta zuwa Satumba, yadda za a kammala shinge da gyaran ƙasa kafin ƙarshen Oktoba, a shiga hunturu da shuka a ƙasa.

1. Tara mutane

A fara da gidaje 10 zuwa 15, waɗanda suka san juna kuma ba su da nisa da filin. Kafin a kira taro, mutum biyu ko uku su je su gaida mai unguwa da limamin masallaci su bayyana musu niyyarsu, saboda duk saɓanin da zai taso nan gaba a gabansu zai ƙare, kuma ya fi kyau su ji labarin daga bakin masu shi. A wurin taron a tambayi kowa abu uku: lokacin da zai iya bayarwa a mako, kayan aikin da yake da su, da abin da zai iya zubawa a wata ba tare da ya takura iyalinsa ba.

A yi ƙoƙari a samu aƙalla mutum ɗaya da ya taɓa noman rani da hannunsa. A Gombe wannan ba shi da wuya, tunda akwai mazauna gari da yawa da suka taso a Dadin Kowa, Kwadon da ƙauyukan da ke kewaye da su. Kada kuma a bar mata a baya. Su ne suka san ganyen da tukunya take ci kullum, kuma matan auren da ba sa fita suna iya renon iri a tsakar gida, su tara toka da ɓawon kayan miya domin taki, su kuma riƙe aikin shanya idan amfani ya yi yawa.

Gargaɗi: kada a rubuta sunan wanda ya aiko a ce a sa shi alhali bai halarci taro ba. Irin waɗannan sunaye suna cika takarda, a raba musu komi, wato ɗan yankin ƙasa da ake shuka a ciki, daga baya ciyawa ta cinye shi.

2. Samun fili da rubuta yarjejeniya

Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai kimanin murabba'in mita 450, kuma ya wadatar da gidaje 15 har da rara. Filin yana iya zama na wani maƙwabci da bai shirya gini ba, ko bayan makaranta, ko harabar masallaci. A zagaya shi da safe, da rana tsaka, da kuma la'asar, a tabbatar rana tana samunsa na aƙalla awa 6, domin tumatir da tattasai ba sa yin 'ya'yan kirki a inuwar katanga ko ta bishiyar dogon yaro.

Akwai wuraren da ya kamata a ƙi ko da kyauta aka bayar: tsohuwar bola inda aka daɗe ana zubar da batura da ƙone leda, gefen garejin makanikai inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen titi da hukuma ta keɓe, da kuma bakin kwari. Duk mazaunin Gombe ya san abin da zaizayar ƙasa take yi wa unguwanni a damina, kuma tonon ƙasa da ban ruwa a bakin kwari ƙara masa faɗi suke yi.

Idan an samu filin da ya dace, a rubuta yarjejeniya da mai shi a gaban mai unguwa da shaidu biyu, ko da kuwa mai filin ɗan'uwa ne ko surukin wani daga cikin mambobi. Mutane sukan ji nauyin wannan, suna ganin kamar rashin yarda ne a ce wa dattijo ya sa hannu a takarda bayan ya ce ya ba da aro don Allah. A ganina takardar ta fi kare shi fiye da kowa, kuma haka ya kamata a gabatar masa da ita: "Alhaji, mun rubuta ne domin kada wata rana wani daga cikinmu ko cikin 'ya'yanmu ya ce yana da haƙƙi a filinka." Takardar ta ƙunshi girman filin da iyakokinsa, tsawon aron, wanda bai kamata ya gaza shekara 3 ba tunda gyaran ƙasa ba ya nuna amfaninsa sosai a shekarar farko, da wa'adin sanarwa idan mai fili yana son kayansa, wato wata 3 ko har a cire amfanin da ke ƙasa. A kuma fayyace ko an yarda a haƙa rijiya ko a dasa itatuwa, da wanda zai mallaki shinge da tanki ranar da aka tashi. Batun itatuwa yana da muhimmanci, domin a al'adarmu dasa mangwaro ko goba a filin aro yakan zama kamar kafa hujjar mallaka, kuma masu filaye da yawa ba sa so.

Gargaɗi: idan filin na gwamnati ne, izinin baki daga wani ma'aikaci bai isa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamnan jiha, saboda haka a bincika matsayin filin a hukumar GOGIS mai kula da bayanan filaye a jihar Gombe, idan kuma na makaranta ne a samu izini a rubuce daga hukumar da makarantar take ƙarƙashinta.

3. Lissafin ruwa

A nan ne ya kamata a fi daɗewa ana tunani, saboda ruwa ne zai yanke girman lambun, komai faɗin filin. A lokacin hunturu kowane murabba'in mita na kayan lambu yana shan kimanin lita 5 a rana, a bazara kuma, wato Maris da Afrilu, yakan kai lita 7 ko 8. Komi mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 5 yana buƙatar lita 30 ke nan a kullum a hunturu. Idan an yi komaye 12, ana neman lita 360, kusan jarka 15 mai cin lita 25. Idan kuwa aka cika fulotin da komaye 40, buƙatar ta koma lita 1,200, wato jarka 48 kowace rana ta Allah har tsawon wata 4 ko 5. Duk wanda ya ninka wannan da kuɗin jarka a wurin 'yan ga-ruwa zai ga cewa sayen tumatir a kasuwa ya fi sauƙi.

Saboda haka a lissafa ruwan da ake da tabbacinsa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja da baya, a yanka komaye daidai da shi. Idan ruwan famfo na Dadin Kowa yana zuwa unguwar, a sa tankin roba mai cin lita 1,000 ko 2,000 domin ranakun da bai zo ba, kuma a yi magana da hukumar ruwa a kan yadda za a riƙa biya, kada a ja bututu a ɓoye. Idan wani maƙwabci yana da rijiyar burtsatse, a daidaita da shi a kan kuɗin mai ko na wuta a wata, a rubuta. Haƙa sabuwar burtsatse a shekarar farko ba shawara ba ce, domin a sassa da dama na garin ruwa yana da zurfi, kuma ba hikima ba ce a binne kuɗi mai yawa a filin aro kafin a ga ko mutanen za su jure aikin.

Akwai hanyoyi biyu na ƙarin ruwa da ake yawan mantawa da su. Ta farko ruwan rufi: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano tana ba da lita ɗaya, don haka rufin aji ko na masallaci mai murabba'in mita 100 yana iya tara kusan lita 2,000 daga ruwan sama mai milimita 20, in an sa indararo mai kyau zuwa tanki. Ta biyu ruwan alwala, wanda ake iya jansa da bututu zuwa gindin zogale, gwanda ko ayaba, muddin bai gauraya da na bayan gida ba.

Gargaɗi: kada a yi ban ruwa da ruwan kwata, musamman ga latas, kabeji, karas da duk abin da ake ci ɗanye, domin hanya ce ta taifot, kwalara da tsutsar ciki. Idan rijiya za a haƙa, ta yi nisan aƙalla mita 30 daga masai. Kowane duro da tanki a rufe shi da murfi mai nauyi, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

4. Dokoki da kuɗi

A zaɓi shugaba, ma'aji, magatakarda da mai kula da ruwa, kuma kada mutum ɗaya ya haɗa riƙon kuɗi da riƙon littafi. Sai a yanke tsarin rabo. Akwai masu son a noma komai tare a raba amfani, akwai masu son kowa ya riƙe nasa. Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne a haɗa biyun: kowane gida ya samu komi ɗaya ko biyu nasa na kansa, sannan a ware kashi ɗaya cikin huɗu na komaye a matsayin na asusu, a riƙa yi musu gayya, a sayar da abin da suka bayar domin sayen iri, gyaran shinge da biyan ruwa. Idan komai na kowa ne, mai ƙwazo yakan gaji da yi wa malalaci aiki, idan kuma kowa nasa kawai ya sani, ba a samun mai gyara ƙofa in ta karye.

Dokokin kada su wuce shafi ɗaya: ranar gayya, jadawalin ban ruwa, kuɗin wata, wanda ke riƙe makulli, hukuncin tsinkar kayan wani, da abin da za a yi da komin da aka yi watsi da shi. Mako 2 ba tare da uzuri ba sun isa a yi wa mai shi magana, in ya ƙara wasu 2 a ba wanda ke jiran layi.

Kuɗin da za a kashe kashi uku ne. Akwai na kafawa, wanda sau ɗaya ake yinsa: shinge, ƙofa, kwaɗo, tanki da kayan aiki, kuma shinge da tanki ne suke cinye mafi yawansa. Akwai na kowace shuka, wato iri, taki da magani, sai na wata-wata, wanda galibinsa na ruwa ne. A tura mutum biyu su taya kowane abu a wuri biyu ko uku a cikin mako guda, a rubuta, a ƙara kashi ɗaya cikin goma a kai saboda tashin farashi, sannan a raba wa gidaje. Wanda ba shi da kuɗi yana iya biya da aiki ko da taki daga turken dabbobinsa, amma a ƙiyasta shi a rubuta kamar kuɗi. Kayan aikin haɗaka ba su da yawa: baro 1, diga 1, shebur 2, manjagara 2, butar ban ruwa 4, injin feshi na goyo 1, igiya da tef ɗin awo. Fartanya kowa ya zo da tasa.

5. Shinge

Kewayen fuloti ƙafa 300 ne, kimanin mita 90. Idan ana kafa turke a kowace mita 2.5, ana buƙatar kusan 40 har da na ƙofa. A babbake gindin kowane turke kafin a binne shi domin rage cin gara. Wayar raga mai tsayin mita 1.5 ta fi ƙarko, zana ko dannin kara kuma sun fi araha amma kusan kowace shekara sai an sabunta su. Ko wanne aka zaɓa, a binne ƙasansa cikin ƙasa ko a danne da duwatsu, saboda kaji da 'yan awaki ta ƙasa suke kutsawa. In mai fili ya yarda, a dasa zogale ko bini-da-zugu a jere ta ciki, cikin shekara 2 za su zama shinge mai rai.

Gargaɗi: kada a zuba iri ko ɗaya kafin a rataya ƙofa a sa mata kwaɗo. Akuya guda tana iya share renon wata ɗaya kafin a idar da sallar Azahar, kuma rigimar da za ta biyo baya da mai akuyar ta fi asarar zafi.

6. Yanka komaye da gyaran ƙasa

A share filin, a tsince leda, kwalabe da ƙarafa, a kafta ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30. Domin gane irin ƙasar, a jiƙa ta kaɗan a dunƙula a hannu: in ta wargaje nan take jigawa ce, tana son taki mai yawa da ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai, in kuma ta yi danƙo tana sheƙi laka ce, tana riƙe ruwa, sai a kula kada saiwa ta ruɓe. A ja igiya a yanka komaye masu faɗin mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ciki ba, a bar hanya mai santimita 50 tsakaninsu da babbar hanya guda wadda baro zai bi. Na rani a yi su a kwance da ɗan gefe mai riƙe ruwa, na damina kuma a ɗaga su sama kamar kunya. Idan filin yana da gangare, komaye su gitta gangaren, kada su bi shi.

Kowane murabba'in mita a ba shi kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen takin dabbobi, kusan rabin baro ke nan ga komi ɗaya, a gauraya da ƙasa, a yi ban ruwa, a bar shi mako 1 zuwa 2 kafin shuka.

Gargaɗi: ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, ɗanyen kashin shanu kuma yana kawo irin ciyawa da gara. Takin da ya nuna yakan yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasa.

A wannan mataki ne kuma ake haƙa ramukan taki guda biyu a kusurwa mai inuwa, kowanne mita 1 a faɗi da tsawo. A riƙa jera busasshiyar ciyawa, ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, kashin dabbobi, da ɗan toka, ana yayyafa ruwa. A juya shi duk bayan mako 2 ko 3, cikin wata 2 zuwa 3 zai nuna. Ganyen da cuta ta kama kada ya shiga ramin, a ƙone shi.

7. Zaɓen iri da reno

A shuka abin da gidajen suke ci, kuma a shekarar farko a fifita masu saurin biya. Alayyahu yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kimanin wata 2, kuma ganin amfani da wuri yana riƙe zuciyar mambobi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin tumatir ne, da albasa, latas, kabeji, karas, tattasai da attaruhu. Idan zafin bazara ya shigo furen tumatir zubewa yake yi, sai a koma alayyahu, lalo da kuɓewa, a kuma rage yawan komaye. Damina ta rama ce, da yakuwa, kuɓewa, kabewa da yalo.

A sayi iri a shagon da aka sani, a duba ranar lalacewarsa a jikin fakiti. Irin tumatir UC82B da Roma VF sanannu ne a Arewa, kuma suna da ƙwari wajen ajiya da shanya. Kafin a zuba, a gwada ƙwaya 10 a cikin jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki, in 8 suka tsira irin yana da kyau. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana. Irin lalo yana da taurin tsira, sai a ƙulle shi a ƙyalle a tsoma cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 10 kawai, a shanya a inuwa sannan a shuka. Irin alayyahu kuma a gauraya shi da yashi domin kada ya taru wuri guda.

Tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji, latas da albasa reno ake fara yi musu. A zuba irin a layi-layi a ƙasa mai laushi, a rufe da ƙasa kaɗan da busasshiyar ciyawa, a ɗage ciyawar da zarar sun tsiro, a yi musu 'yar rumfa. Tumatir yana isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8. Mako guda kafin dashe a janye rumfar a rage ruwa domin su saba da rana. Karas da kuɓewa ba a dasa su, a mazauninsu ake shuka su.

Gargaɗi: yawan ruwa da cunkoso a wurin reno suna sa tsiro ya ruɓe daga tushe ya kwanta. In an ga haka a rage ruwa, a cire waɗanda suka kamu.

8. Dashe da ban ruwa

Da yamma ake dashe, bayan an jiƙa wurin reno yadda tsiro zai fito da ƙasarsa. Tumatir a ba shi santimita 60 tsakanin layi da 45 tsakanin tushe, kabeji 45 zuwa 50, latas 25 zuwa 30, kuɓewa 60 da 30, albasa 15 da 10. Sababbin masu lambu sukan ga wannan tazara kamar asarar wuri, su cusa shuka, daga baya iska ta kasa ratsawa cuta ta samu mazauni. Mako 2 bayan dashe, in ana da hali, a ba kowane tushen tumatir ko tattasai cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na takin NPK 15-15-15, a binne shi ɗan nesa da tushe, a bi da ruwa. Idan tumatir ya fara tsawo a kafa masa sanda a ɗaure.

Ban ruwa da sassafe ko da yamma ake yinsa, a gindin shuka, kuma a kan lokaci guda kullum. Idan aka bar tumatir ya sha ƙishi kwana 2 sannan aka cika shi da ruwa, 'ya'yansa sukan tsage ko gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe, kuma wannan ne dalilin da ya sa jadawalin ruwa yake buƙatar mai tsaya masa. A rufe fuskar komi da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, domin hakan yana rage ƙafewar ruwa da fitowar ciyawa, sai dai kada abin rufin ya taɓa tushen shuka saboda gara.

9. Ƙwari da cututtuka

Sau 2 a mako a riƙa juya ganye ana duba bayansa, domin a can darɓa da farin ƙuda suke taruwa. Farin ƙuda ne yake yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma tushen da ya kamu ba ya warkewa, cire shi ake yi. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suke kira sharon kuma ta yi wa tumatirin Arewa mummunar ɓarna a 2016, tana shiga cikin ganye ta bar fararen tabo kamar an kankare shi. Da an gani a tsinke ganyen a ƙone, a kuma nemi malamin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha ko ƙwararrun Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa.

Maganin farko da ya dace da lambun da ke tsakiyar gidaje shi ne na dogon yaro. A daka rabin kilo na ƙwayar 'ya'yansa, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, a maimaita duk mako. Idan dole ta sa a sayi na kanti, a duba lambar NAFDAC, a bi ma'aunin da aka rubuta, a rufe hanci da hannu, kuma a sanar da kowa ranar da aka yi feshi da adadin kwanakin da za a jira kafin tsinka.

Gargaɗi: injin da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi kada ya kusanci kayan lambu, ragowar da ke cikinsa ta isa ta ƙone komi guda. Kada kuma a fesa Sniper ko maganin sauro a kan abin da za a ci.

10. Girbi da rabo

A tsinka da sassafe. Kuɓewa duk bayan kwana 2 ake cire ta kafin ta yi tauri, alayyahu kuma in an yanke shi aka bar tushe mai tsawon taƙi ɗaya zai sake tohowa. Albasa a daina ba ta ruwa idan wuyanta ya fara kwanciya, a cire ta bayan mako 1 zuwa 2, a shanya a inuwa. Amfanin komayen asusu a fara tallata shi ga mutanen unguwa da masu sayar da abinci na kusa, a rubuta kowane ciniki a ranar, a karanta lissafin a gaban kowa ƙarshen wata. A tuna da mai fili da kason farko, haka ma maƙwabtan da ke jikin shinge, domin su ne idon lambun da dare. Idan tumatir ya yi yawa har farashinsa ya faɗi a yanka shi a yi kauɗa, kuɓewa ma a shanya, a kan tabarma ko buhu mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa.

11. Inganta lambu daga shekara ta biyu

Abu na farko shi ne juya shuka. Tumatir, tattasai, attaruhu da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a komi guda. Bayan su a sa albasa, wake ko masara. In an tumɓuke tsohon tushe aka ga saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, alama ce ta ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, sai a hutar da komin daga tumatir da kuɓewa na shekara 2, a ƙara masa taki sosai. Wannan ba zai yiwu ba sai magatakarda ya zana taswirar komaye da lambobinsu yana rubuta abin da aka shuka a kowanne.

Na biyu rage wahalar ruwa, domin ɗaukar buta ne yake fara gajiyar da mutane. Ana iya ɗora duro a kan dakali mai tsayin mita 1 a ja siraran bututun ɗigo zuwa komaye, a sa ƙyallen tacewa a bakinsa saboda toshewa. Ana iya kuma binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsatsafowa zuwa saiwa a hankali. Maganar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana sai asusu ya yi ƙarfi kuma an tsawaita yarjejeniyar fili. A lokacin ne rajistar ƙungiyar gama kai da buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu suke da amfani, tunda masu ba da tallafi ƙungiya mai takarda da littafin lissafi suke nema.

Na uku ajiye iri. A ware tushe mafi lafiya na kuɓewa, alayyahu, yakuwa da lalo, a ɗaura musu ƙyalle domin kada a tsinka, a bar su su bushe a kan uwa, a adana irin a kwalba mai murfi da ɗan toka a wuri mai sanyi. Irin da aka rubuta F1 a fakitinsa ba a ajiye 'ya'yansa, domin abin da za su haifa ba zai yi kama da uwar ba.

Ƙarin komaye da karɓar sababbin gidaje su zo a ƙarshe, bayan an sake lissafin mataki na 3 da ruwan da aka samu a Afrilun da ya wuce. Kowane sabon komi lita 30 ne a rana a hunturu, fiye da 40 a bazara, kuma sabon mamba ya biya kasonsa na shinge da tanki kamar yadda na farko suka biya, a karanta masa dokoki a gaban shugaba da ma'aji kafin a nuna masa wurinsa.